Fatawa: Kiwon ƙadangare mai gemu da 'ya'yan da suka fito da nakasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni matashi ne a Rikkos, cikin Jos. Shekara biyu ke nan ina kiwon ƙadangaren nan mai gemu na Ostiraliya, ina ƙyanƙyasa ina sayarwa, yawancin masu saye daga Abuja suke. A wannan karon uku sun fito da matsala: ɗaya kai biyu, ɗaya ƙashin bayansa a karkace ko abinci ba ya ci, ɗaya wutsiya a lanƙwashe. Kakata ta ce mugun abu ne ya shigo gida. Abokina ya ce an yi umarnin kashe ƙadangare, don haka kuɗinsa haram ne. Wani ya taya mai kai biyun da tsada, wasu kuma suna so in fitar musu da wanda jikinsa ba ƙaya ko ɗaya. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, na kalli bidiyon da ka haɗo har sau uku. Ɗan abin bai wuce tsawon yatsa ba, kai ɗaya ya hango gyare ya nufe shi, ɗayan yana ja ta wani gefen, ƙafafun sun rasa wanda za su bi. Tsarki ya tabbata ga Mai ƙarawa a cikin halitta abin da Ya so.

Bari in fara da abokinka. Abin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ummu Sharik umarni ne na kashe wazagu, wato tsaka. Wannan dabbar taka, Pogona vitticeps, ba tsaka ba ce. Danginta ɗaya da jan gwadan da ke gyaɗa kai a kan katangarku, kuma a wannan dangin ne dabbu yake, wanda malamanmu ke fassarawa da damo. An ci dabbu a gaban Annabi (SAW) a ɗakin Maimuna, Khalidu bin Walid ya ci, shi bai ci ba kuma bai haramta ba. Sunan "dragon", wato dodo, da Turawa suka laƙaba wa ƙadangaren naka suna ne kawai, ba ya ɗaukar hukunci.

Ajiye shi ya halatta, kamar yadda ƙanin Anas, Abu Umairin, yake da ɗan tsuntsunsa ba a hana shi ba. A wajen sayarwa ne ake da magana, kuma a nan abokin naka bai rasa madogara ba. Malamai da dama sun hana cinikin ƙananan halittu masu jan ciki saboda babu amfani a cikinsu, kuma Mukhtasar na Khalil ya shardanta abin sayarwa ya zama mai tsarki, mai amfani. Tsarki dai akwai shi, don a mazhabar Malik duk mai rai mai tsarki ne. Amfani kuwa al'ada ce ke auna shi, shi ya sa Shafi'awa suka halatta sayar da ɗawisu don kyan launinsa. Abin da nake rinjayarwa shi ne cinikin ya inganta. Sai dai mutumin da zai zuba kuɗin buhun shinkafa a kan ƙadangare alhali ɗan'uwansa bai ɗora tukunya ba, wannan tambayarsa daban ce.

Kakarka kuma ka bi ta a hankali, kada ka yi mata dariya. Ka gaya mata Annabi (SAW) ya ce babu camfi. Kai biyu yana faruwa ne idan ɗan tayi ya fara rabuwa zai zama tagwaye, rabuwar ta tsaya a hanya. Ana ganin haka a macizai da kunkuru, har da maruƙa.

Inda nake so ka tsaya ka binciki kanka shi ne sauran biyun. Nakasar da ta zo bayan ka yi iyakar ƙoƙarinka ƙaddara ce, babu zunubi a kanka. Amma karkacewar baya da wutsiya suna da sababban da masu kiwo suka sani: hawa da saukar zafi a injin ƙyanƙyasa, haɗa wa da ƙanwa ko uba da 'ya, da ƙarancin kalsiyam a jikin uwa. Ƙwan nan yana ɗaukar kusan wata biyu a zafin digiri 29 ko kusa da haka, kuma ba a juya shi kamar na kaza, shi ya sa ake ɗiga masa alama da fensir a sama. Zafi yana da tasiri ƙwarai a kansa, har idan ya haura digiri 32 wanda ya kamata ya fito namiji yana iya fitowa mace. To kai da ke Jos, inda hunturun Disamba ke sa mutum ya ji tsoron ruwan alwala, idan aka ɗauke wuta tsakar dare me ke riƙe wa ƙwan ɗuminsa? In ba ka da batir ko sola, kada ka sake haɗa su barbara sai ka tanada. Haka kuma Ostiraliya ta hana fitar da namun dajinta tun shekarun 1960, don haka waɗanda ke hannun masu kiwo zuriyar kiwo ce, a nan gida kuma 'yan kaɗan ne. Da wuya naka ba su da dangantaka. Ka binciki asalinsu. Matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ba dukanta ta yi ba, tsare ta ta yi ta kasa ba ta haƙƙinta.

Shi kuwa marar ƙayan da ake nema, wanda kuke kira silkibak, ban ga halaccin fitar da shi da gangan ba. Ana samunsa ne idan aka haɗa ledabak biyu, wato masu ƙarancin ƙaya a baya, sai kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan ya fito ba ɓawo. Fatarsa tana bushewa, saɓa tana maƙale masa a yatsu da bakin wutsiya har su guntule, macen kuma cizon da namiji ke yi mata a wuya lokacin barbara yana yage ta. Zaɓen iri ba laifi ba ne, ba kuma shi ne canza halittar Allah da aka zarga a Suratun Nisa'i ba, ai da zaɓe makiyaya suka riƙe balami da uda. Amma ka san abu zai rayu cikin azaba, ka samar da shi don ya fi tsada, wannan cutarwa ce, kuma babu cuta babu cutarwa.

Mai lanƙwasasshiyar wutsiya, in yana ci yana tafiya, ka rene shi. Za ka iya sayar da shi in ka bayyana aibin, kuma kada a yi iri da shi. Mai karkataccen baya ka kai shi wurin likitan dabbobi, ga cibiyar likitocin dabbobi ta Vom nan kusa da ku. Idan likita ya yanke ƙauna, Khalil ya halatta yanka dabbar da ba a ci idan an fid da rai da ita, don a hutar da ita. A yi ta hanyar da likitan ya ga ta fi sauri. Ban da sa shi a firiza, ban da jefa shi bola da ransa.

Mai kai biyu, irinsu ba su cika daɗewa ba. In yana gargarar mutuwa cinikinsa bai inganta ba, don babu amfani a cikinsa. In ya rayu yana ci, ka gaya wa mai saye gaskiyar lamarin, ka kuma tambaye shi me zai yi da shi. Mu 'yan ƙasar nan ne, mun san inda ake kai dabba mai kai biyu. Idan ka ji ƙamshin boka ko asiri a maganarsa, ko nawa ya taya ka ce albarka.

Ka riƙa wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa su, suna ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, kuma ka nisanta su da jarirai. Wallahu a'alam.