Hukuncin wanda ya ga mutum yana nutsewa bai kai masa ɗauki ba

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni masunci ne a Maiwurno, ƙasar Sudan. Da daminar bana, kogi ya cika, ina cikin kwalekwale ina jan taru sai na hangi wani yaro ruwa yana jan sa. Ga igiya a gefena. Na ce a raina abokansa da ke bakin gaɓa za su ciro shi, na ci gaba da aikina. Washegari aka tsamo gawarsa. Me ke kaina?

Amsa: Bismillah. Ɗan'uwa, ceton rai farilla ce ta kifaya, wato in wasu sun yi ta faɗi a kan saura, amma idan kai kaɗai ke da jirgi da igiya a wurin, ta zama farilla a kanka. Yaran da ke gaɓa ba su da abin da kake da shi, don haka zatonka bai sauke maka nauyi ba. Laifi kam ka yi, a nan malamai ba su saɓa ba.

Saɓanin yana kan diyya. Hanafawa da Shafi'awa suna ganin zunubi ne kawai, tunda ba hannunka ya jefa shi ba. Mu Malikawa mun tsananta. Shehu Halil a Muhtasar ya ɗora lamuni, wato biyan abin da ya salwanta, a kan wanda ya bar kuɓutar da rai ko dukiya alhali yana da iko, har da wanda ya hana mai rauni zaren ɗinki ko ya hana mabuƙaci ragowar ruwa. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ci wasu mutane diyya saboda sun hana wani ruwan sha har ƙishirwa ta kashe shi. Wannan ra'ayin na fi natsuwa da shi. Masu sharhi sun ce mai ganganci daga dukiyarsa zai biya, mai tawili kuwa, wato wanda ya bari bisa wani zato da yake ganin uzuri ne, danginsa na wajen uba ne za su ɗauka, kuma yadda ka ba da labari ka fi kama da na biyu. Da a ce igiyar ruwa za ta kife da kai in ka matsa, da babu komai a kanka.

Dokar laifuffuka ta Sudan ta 1991 ma, sashe na 75, ta tanadi ɗaurin da bai wuce wata uku ba, ko tara, ko duka biyu, ga wanda ya ƙi taimako da gangan.

Ka tuba, ka nemi dattijo ya raka ka wurin iyayen yaron, ka faɗi gaskiya. In sun yafe, shi ke nan. In sun nemi haƙƙi, alƙali ne zai yanke. Wallahu a'alamu.