Tambaya da Amsa: Peugeot 504 Ta Daina Laushi a Hanya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Peugeot 504 salun, haɗin Kaduna, da na gada daga mahaifina. A da ba a jin gargada a cikinta, yanzu kuwa ko ƙaramin rami ta faɗa sai na ji shi a ƙuguna, ga ƙara ƙwas-ƙwas daga gaba. Bakanike ya ce a sa mata sifirin mai ƙarfi. In yarda? Mai karatu daga Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda tukuna. Tun fitowarta a 1968, laushin 504 daga sifirin mai taushi da doguwar tafiyar ƙafa yake zuwa. Sifirin mai tauri na mota mai lodi ne. In ka sa shi a salun, duk dukan hanya a bayanka zai ƙare.

Fara da taya. Masu faci kan buga iska 40 ko fiye, alhali wannan mota tsakanin 26 da 30 take so, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Duba gefenta kuma: in akwai harafin C bayan lambar girma, ta motar kaya ce, ba ta lanƙwasawa. Koma tayar ƙaramar mota mai cikakken tsayin gefe a kan rim 14.

Sai shokozoba. Danna kowace kusurwa da ƙarfi ka saki. In ta ɗago ta tsaya, lafiya lau. In ta ci gaba da lilo, ko ka ga mai ya jiƙe jikin shokozoban, to shokozoba ta mutu; in motar ta ƙi dannuwa, shokozoba ta daskare. Biyu-biyu ake canzawa, hagu da dama tare, kuma mai amfani da mai ta fi dacewa da wannan mota fiye da mai gas mai tauri.

Ƙarar nan kuwa galibi bushin ne (robar da ke tsakanin ƙarafan ƙafar mota) ko bol-jon (mahaɗin da ƙafar ke juyawa a kansa), ko robar saman ƙafar gaba. Nemi bushin roba na ainihi, ban da wanda aka yanko daga tsohuwar taya. A nan aka fi ɓata aiki: ana ɗaure notin bushin tamau mota na kan jak, da an sauke ta sai robar ta murɗe, ta yi tauri, ba da jimawa ba ta tsage. Sai nauyin mota ya hau tayoyi ake ɗaurin ƙarshe.

Sifirin ne na ƙarshe. A shimfiɗaɗɗen wuri, auna daga tsakiyar rim zuwa bakin bodi. In hagu da dama sun bambanta da fiye da santimita 2, ɗaya ya kwanta, sai a canza biyun da irin na salun. Kada a kwance na gaba ba tare da abin matse shi ba, domin yana fizgewa ya karya hannu. Bayan an gama, a kai ta alaimin, wato saita tayoyi.