Amsa Ga Yayana: Daga Kwalejin Shekara Biyu Zuwa Makarantar Likitanci A Amurka

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali, saƙonka ya iso, kuma na gane abin da ya ɗaure maka kai. Shekara shida da suka wuce, da na sanar da kai cewa 'yarka ta wajena ta shiga kwalejin shekara biyu ta nan unguwarmu, ka yi wani shiru wanda na san ma'anarsa, yanzu kuma sai ga labari ya iske ka cewa ta samu gurbin karatun likitanci. Ka tambaye ni yadda mai difloma ke zama likita, da kuma ko ɗana na wajenka, wanda sau biyu makinsa na JAMB bai kai na likitanci ba, zai iya biyo wannan hanya.

A gida yaro yana gama sakandare zai rubuta JAMB, in ya dace ya shiga Bayero ko Ahmadu Bello ya yi shekara shida ya fito da MBBS, digirin likitanci, wato tun yana ɗan sha bakwai ake yanke masa hukunci. A Amurka, in ka cire wasu 'yan shirye-shirye kamar na shekara bakwai da jami'ar CUNY ke yi a Niyu Yok, babu mai shiga makarantar likitanci sai ya riga ya yi digirin farko na shekara huɗu. Digirin ko a fannin tarihi ne ba laifi, muddin ya ɗauki darussan da ake sharɗantawa, wato bayoloji, kemistiri kashi biyu, fizis, da ɗan lissafi da Turanci. Sannan ya yi shekara huɗu na likitanci, ya ƙara da horon ƙwarewa a asibiti na shekara uku zuwa bakwai. To, kwalejin nan ta shekara biyu, wadda muke kira kwaminiti kwalej, ita ce shekara biyun farko na wancan digiri. Ɗalibi yana gamawa sai ya kwashi darussansa ya koma jami'a ya ɗora daga aji uku.

Dalilin da ya sa yawancin 'ya'yanmu a Buronks, yankinmu na birnin Niyu Yok, ke farawa daga nan ba ɓoyayye ba ne. Iyaye direbobin tasi ne, da masu kitso, da masu kula da tsofaffi a gidajensu. A kwalejojin CUNY na shekara biyu, irin su Hostos da Bronx Community College, ɗan gari yana biyan dala 4,800 a shekara, a na shekara huɗu kamar Lehman da Hunter da City College dala 6,930, alhali manyan jami'o'i masu zaman kansu sun haura dala 60,000 kafin a yi maganar ɗakin kwana. Tallafin gwamnatin tarayya na Pell, wanda ke kaiwa dala 7,395, yakan share wa ɗan talaka kuɗin gaba ɗaya. Akwai kuma yaron da aka ɗauko daga Kumasi ko Maraɗi yana ɗan sha biyar, musamman na Nijar da ya zo da Faransanci, wanda ke buƙatar ƙaramin aji kafin harshensa ya warware. Ba zan kuma ɓoye maka ba, da yawanmu mun fi samun kwanciyar hankali idan 'ya mace za ta dawo ta kwana a ɗakin uwarta.

Inda ake yin asara shi ne raina wurin. Yaro yana shiga ya ga babu jarrabawar tantancewa, ana karɓar duk mai shaidar gama sakandare, sai ya ɗauka cewa wasa ne, karatun gaske sai ya je jami'a. Mu ma mun faɗa wannan rami. A zangonta na farko 'yarka tana aikin dare a wani kantin magani, sai ta samu C a kemistiri. Wani mai ba ɗalibai shawara ya ce mata ta sake ɗaukar darasin, sabon makin zai maye gurbin tsohon; ta sake, ta samu A, muka yi hamdala muka manta. Sai bayan shekara huɗu, ranar da ta zauna cika fom ɗin AMCAS, wanda ta hanyarsa ake neman galibin makarantun likitanci, ta tarar su ba su san da afuwa ba: kowane darasi da mutum ya taɓa ɗauka a kowace kwaleji sai ya shigar da shi, kuma da C ɗin da A ɗin duka ake lissafawa. Na iske ta a kicin ta tasa kwamfuta gaba, shayinta ya huce, tana ta latsa kalkuleta. A gasar da matsakaicin makin waɗanda ake ɗauka ya kai kusan 3.8 cikin 4, C ɗaya ba ta kashe mutum, amma uku ko huɗu suna iya jawo masa ƙarin shekara biyu na gyara.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a fili. Wasu daga cikin masu tantancewa suna kallon darussan kimiyya na kwalejin shekara biyu a matsayin masu sauƙi. A ganina wannan zato bai yi wa malaman adalci ba, amma mai nema ba ya gardama da mai bayarwa. Dabarar da yaranmu suka koya daga na gaba da su ita ce su yi bayoloji da kemistirin farko a kwaleji, su ajiye masu tsauri, kamar oganik da bayokemistiri, sai sun koma jami'a, domin idan aka ga A a can ma, zance ya ƙare. Amfanin ƙaramin aji kuwa ya fito lokacin neman wasiƙun shaida, don malamar bayolojinta ta kwaleji ta san ta ciki da waje, saɓanin farfesan da ke koyar da mutum ɗari uku a zaure ɗaya.

Sai jarrabawar MCAT ta neman shiga makarantar likitanci, wadda ita ce ke daidaita kowa, ko daga ina ya fito. Kashi huɗu ce, ana shafe kusan sa'a bakwai da rabi, maki kuma daga 472 ne zuwa 528. Wata biyar 'yarka ta yi tana shiri, har azumi ya riske ta a ciki, tana karatu daga sahur zuwa hantsi, ranar Asabar kuma uwarta takan kora ƙannenta Islamiyya ta kashe talabijin don ta yi gwajin cikakkiyar jarrabawa. Ta samu 511, kusan daidai da matsakaicin makin waɗanda ake ɗauka. Amma maki kaɗai ba ya isa a nan, suna son shaidar cewa mutum ya taɓa tsayawa kan marar lafiya. Ta yi shekara biyu tana rubuta wa likitocin sashen gaggawa bayanan marasa lafiya, a can ne wata rana aka kawo wata dattijuwa 'yar Damagaram tana cewa zuciyarta ce ke tashi, har an fara shirin gwajin zuciya kafin 'yarka ta bayyana musu cewa amai take ji. Wannan labarin ta rubuta a takardar bayanin kai, wadda ba a yarda ta wuce haruffa 5,300 ba.

Makaranta ashirin ta nema, kowace da kuɗin fom ɗinta, har sai da uwarta ta karɓi kwasar adashinta kafin lokaci. Uku suka kira ta ganawa, ɗaya ta ɗauke ta, ita ma daga jerin masu jira. Kada ka yi mamaki, domin a kowace shekara kusan kashi 40 cikin ɗari ne kawai na masu nema ke samun shiga. Abin da ya fi damun jama'armu yanzu shi ne bashi, don ɗalibi yakan fito da kimanin dala 200,000 a wuyansa, kuma da ruwa, maganar da malamanmu a masallaci ba su haɗu a kan fatawa ɗaya ba. Shi ya sa kowa ke hanƙoron makarantar likitanci ta Jami'ar Niyu Yok (NYU), wadda ta yafe kuɗin makaranta a 2018, da kwalejin likitanci ta Albert Einstein ta nan Buronks, wadda ta bi sahu a 2024 bayan Ruth Gottesman ta ba ta kyautar dala biliyan ɗaya. Masu tambayar yaushe za a yi aure kuwa, mun bar su da uwarta.

Game da ɗana, Yaya, gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu. Duk abin da na lissafa na mai takardar zama ta dindindin ne ko ɗan ƙasa. Wanda ya zo da bizar ɗalibi zai iya shiga kwalejin, amma kuɗin baƙo zai biya, ba shi da Pell, ba a yarda ya yi aiki a wajen makaranta yadda ya ga dama ba, sannan makarantun likitancin da ke ɗaukar baƙi kaɗan ne, wasunsu ma sai an ajiye musu kuɗin shekaru tun kafin a fara. Likitocin Najeriya da na sani a asibitocin nan, kusan dukansu a gida suka yi MBBS, suka samu tantancewar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, suka ci jarrabawar USMLE ta samun lasisin aikin likita, sannan suka shigo horon ƙwarewa ana biyansu albashi. Shawarata ya sake zama JAMB, ko ya bi ta IJMB, shirin share fagen shiga jami'a, kuɗin darasi da littattafai kuma na ɗauke maka. Ka sa shi ya kira yayarsa ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku, ta ce za ta duba sakamakonsa na baya ta ga darasin da ke ja masa baya. A gaida Hajiya da yara.