Ga mai son ajiye aiki ya koma konsoltan na sefti

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun daren jiya, ka ce shekararka shida kana jami'in sefti a kamfani, kana da satifiket ɗin sefti na NEBOSH, ka gaji da jiran ƙarshen wata kana so ka ajiye ka buɗe naka a nan Katsina. Ni na riga ka yin wannan tsallen, bari in gaya maka yadda na dira.

Satifiket ba shi ke kawo kwastoma ba. Ni ma da nawa na fito, ga rajistar ISPON, cibiyar ƙwararrun masu sefti ta Najeriya, na yi rajistar kamfani a CAC na karɓi lambar haraji ta TIN har da buga kati mai ƙyalli, amma wata huɗun farko wallahi ko sisi bai shigo ba. Mutanenmu ba su neman mai sefti sai in sufetocin ma'aikatar ƙwadago sun dira suna tambayar rajistar masana'anta, ko ana neman kwangila an ce a kawo takardun kare ma'aikata, ko kuma Allah ya kiyaye wani ya rasa hannu. In babu ko ɗaya sai ka yi ta zuba Alhaji na danna waya, a ƙarshe ya ce maka ai tsari na Allah ne. Haka ne, amma ko raƙumi cewa aka yi a ɗaure sannan a yi tawakkali. Abin da na lura yana sa su ajiye wayar shi ne in ka tabo kuɗi, ka ce mashi dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce ya riƙa biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa ga NSITF, asusun biyan diyyar ma'aikata, sannan ka tambaye shi nawa ya kashe a asibiti bara.

Aiki akwai, ban ce babu ba. Injinan casar shinkafa, gidajen mai da na gas, wuraren gurzar auduga su Funtuwa da Malumfashi, sai ƙananan 'yan kwangila masu karɓar aiki a hannun manya, kamar na layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 wanda ya bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Manyan suna da masu seftinsu, ƙananan su ne abincinka.

Amma fa biya ne ciwon kai. Ka gama aiki a azumi, alat sai bayan babbar sallah, kai kuwa ga man mota ga cefane ga kuɗin makaranta. Kuma kar ka dogara da fansho, kashi 25 kawai za ka iya cira, shi ma sai ka yi wata huɗu babu aiki.

Abin da ba wanda ya gaya mani shi ne maganar sa hannu. Akwai wani injin shinkafa da na je dubawa, belt na gudu tsirara babu murfi, yaro na share buntu kusa da shi da rigarsa mai faɗi tana kaɗawa, tukwanen kashe gobara biyu allurarsu ta faɗi ja an rataye ma ɗaya buta. Mai wurin ya ce in rubuta komai lafiya, gobe zai gyara. A ranar naira dubu uku ce a aljihuna, ban ɓoye maka ba sai da zuciyata ta raya mani. Na ce ranka ya daɗe a kira mai walda yanzu, murfin nan bai kai kuɗin buhu ɗaya ba, ina nan zaune sai ya gama. Ya ce na cika taurin kai, rabin kuɗina har yau ban gani ba. Da a kamfani ne manaja zan kai ma ƙara, a nan kuwa wanda zan ce ma a'a shi ne mai biyana.

Don haka ni dai kar ka miƙa takardar nan tukuna. Duba kwantiraginka ko ya hana aikin gefe, in bai hana ba ka fara fita Asabar da Lahadi, sai ka samu wurare biyu da suka yarda su riƙa biyanka duk wata a rubuce, ka tara abincin wata shida a gida, kuma ka zauna da uwargida ta san me ke tafe. Rabin kuɗi kafin ka taka wajen aiki, ko da ɗan unguwarku ne.