Kemis, sha-ka-tafi ko babban asibiti? Amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan makon kusan duk a wuri ɗaya suka haɗu, wato ina mutum zai nufa in ciwo ya zo kuma kuɗin hannunsa ba yawa. Guda uku na ɗauka.

Ta farko daga wata uwa ce a Kano: "Malam, yarona ɗan shekara uku duk bayan sati biyu sai zazzaɓi. Mai kemis ɗin layinmu yana ba shi maganin maleriya da na taifot, wani lokacin har da allura, yanzu kuma ya ce ƙarin ruwa zai yi masa. Babansa ya ce asibiti ɓata lokaci ne, layi kawai. In yarda a yi ƙarin ruwan ko in kai shi Asibitin Murtala?"

'Yar'uwa, don Allah kada ki yarda a sa wa yaron nan ruwa a kemis. Lasisin mai kemis na sayar da ƙananan magunguna ne, bai kai ga allura ba balle huda jijiya, kuma shi ruwan da muke ganin kamar shi ne ƙarshen magani, ruwa ne da gishiri ko sukari, amfaninsa ga wanda jikinsa ya bushe ko ya kasa sha ta baki, ba ya kashe ƙwayar maleriya. A jikin ƙaramin yaro in ya yi yawa ma illa yake yi.

Abin da ya fi damuna a saƙonki shi ne ban ga inda aka gwada jininsa ba. Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba fa. Ciwon kunne yana kawo zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ciwon fitsari, limoniya, kuma yaron da yake yawan kwanciya haka ya kamata a duba ko sikila ce. Gwajin maleriya kuwa abu ne na minti ashirin ko ƙasa da haka, a ɗan tsira yatsa a ɗiga jini a kan wani ɗan farin roba, layi biyu ya fito akwai, layi ɗaya babu. In akwai a ba shi maganin kwana uku, kuma ya cika kwana ukun ko da ya tashi yana wasa a rana ta biyu, don a nan ne da yawa ake katsewa sai ciwon ya dawo a ce magani bai yi ba. Ita kuma taifot ɗin nan da ake liƙa wa kowa, ko gwajin Widal da ake yi a ƙananan lab ba ya isa shi kaɗai a yanke hukunci da shi, ina ga wanda aka duba da ido kawai.

To amma ba sai kin tashi tun asuba kin kama layi a Murtala ba. Babansa yana da gaskiya kan cunkoso, sai dai cunkoson yana ƙaruwa ne saboda kowa can yake tafiya da ciwon da za a iya gamawa da shi a unguwa. Ki fara da asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku, ki yanki kati, a auna nauyinsa a gwada jini, in abin ya fi ƙarfinsu su rubuta miki takardar turawa zuwa asibitin yara na Hasiya Bayero ko Murtala, da takardar a hannu ba kya shan wahalar bayani daga farko. Kuma in damina ta zo masu bin gida-gida suna raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na wata-wata ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ki buɗe musu ƙofa, kyauta ne.

Amma in kika ga jijjiga, ko yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ko ya kasa sha, ko numfashi sama-sama, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, to wannan ba maganar sha-ka-tafi ba ce, adaidaita sahu za ki tara ku wuce ɓangaren gaggawa na babban asibiti ko da tsakar dare ne.

Tambaya ta biyu wani ɗan kasuwa ne: "Mahaifina yana da hawan jini da suga, duk wata ni nake sayen magani kuma farashi kullum hawa yake. An ce in yi masa inshorar lafiya amma ina tsoron a karɓi kuɗina a hana shi magani. Ya kake gani?"

Allah Ya saka maka da alheri kan kula da Baba, Ya ba shi lafiya. Ni dai a ganina ka yi masa, domin mai ciwon da za a yi ta shan magani har ƙarshen rayuwa shi ne ya fi kowa cin ribar inshora. Tun 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a madadin tsohuwar NHIS, kuma ba ma'aikatan gwamnati kaɗai ke shiga ba, akwai tsarin GIFSHIP na ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi. Jihohi ma suna da nasu, Kano akwai KSCHMA, Kaduna akwai KADCHMA. Ka je ofishinsu da kanka da lambar NIN ɗin Baba, kar ka ba wani ɗan tsakani kuɗi, kuma ka tambaya ko zai shiga rukunin masu rauni, don akwai asusun da dokar lafiya ta 2014 ta tanada wanda da shi ake yi wa tsofaffi da masu ciki da ƙananan yara da masu buƙata ta musamman rajista.

Tsoronka ba na banza ba ne. Yana faruwa ka je a ce magani ya ƙare ka saya a waje, ko a ba ka wanda ba irin kamfanin da Baba ya saba ba. Shi ya sa zaɓen asibitin da za a ɗaura katin inshorar a kai ya fi komai muhimmanci, ka zaɓi na kusa da gida, ka leƙa ɗakin maganinsu ka tambayi masu kati da ke zaune a benci ko suna samun maganin hawan jini da na suga irin su amlodipine da metformin, su ne za su gaya maka gaskiya. Ka kuma sani katin ba ya fara aiki ranar da ka biya, akwai lokacin jira, saboda haka kar a dakatar da maganin da yake sha kafin nan. In an hana shi haƙƙinsa ka kai ƙara ofishin hukumar da katin a hannu.

Ta uku, wata amarya mai cikin fari tana tambaya ko ta yi awo a asibitin kuɗi ko na gwamnati, wai na kuɗin ya fi tsafta kuma ba a yi wa mutum tsawa.

Allah Ya raba lafiya ƙanwata. Tsafta da kyakkyawar mu'amala haƙƙinki ne, amma kafin ki biya ki yi musu tambaya uku: akwai likita da ke kwana, suna yin tiyata in haihuwa ta gardama, kuma ina suke samun jini? In sun fara kame-kame, gara ki daure da layin na gwamnati, ko ki yi kati a duka biyun. A Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, ki tambaya a wurin awo wane asibiti ne a kusa da ku yake cikin shirin. Awon dai ki fara shi yanzu kar ki jira ciki ya fito, a duba rukunin jininki da hawan jini, kuma maigida ya nemi 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini da lambar direban da zai ɗaga waya da daddare tun kafin watan haihuwa ya kama.