Tambaya da Amsa: Me ya sa gidajen Balad suke lanƙwashewa a hoton fanorama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Jidda ne, ina sha'awar ɗaukar hoton tsofaffin gidajen unguwar Balad. Duk sa'ad da na yi fanorama da waya domin in kama jerin gidaje baki ɗaya, sai ginin ya fito a lanƙwashe kamar baka, masu wucewa kuma su fito a yanke, wani ba kai, wani da ƙafa uku. Laifin wayar ne, ko akwai dabarar da ban sani ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wayarka lafiyarta ƙalau. Lanƙwasar ta samo asali ne daga tsayuwarka wuri ɗaya kana juyawa, domin gidan da ke gabanka yana kusa da kai, na dama da na hagu kuwa sai ƙara nisa suke yi, saboda haka tsakiyar jerin take kumbura, gefensa ya tsuke. A cikin layukan kwance, wanda ya yi daidai da tsayin idonka ne kaɗai yake zama a miƙe, amma bakin rufi da gindin bango dole su karkata, kuma gwargwadon ƙuncin lungu gwargwadon tsananin karkatar. Wannan ya girmi waya nesa ba kusa ba. Kyamarar da Friedrich von Martens ya yi aiki da ita a Faris a 1845, mai juya idonta a kan lanƙwasasshen faranti har kusan digiri 150, haka take fitar da gine-gine, haka ma Widelux ta Japan wadda ta biyo baya a ƙarni na ashirin.

Yankewar mutane kuwa daga lokaci take. Waya tana tattara siraran yanki ne ɗaya bayan ɗaya yayin da kake juya hannu, sannan ta ɗinke su, ke nan gefen hagu na hotonka ya riga na dama da daƙiƙu da yawa. Duk wanda ya motsa a wannan tsakani, ɗinkin zai bi ta jikinsa.

Hanyar da ta fi dacewa da jerin gidaje ita ce ka daina juyawa, ka yi tafiya. Ed Ruscha, mai zane ɗan Amurka, ya yi haka a 1966 a Los Anjelas ta Amurka, inda ya ɗora kyamara a kan mota ya ɗauki gine-ginen titin Sunset ɗaya bayan ɗaya, aka jera su cikin doguwar takarda mai naɗewa. Kai ma za ka iya da ƙafa. Ka ja baya iyakar yadda lungun ya ba ka dama, ka fuskanci bango kai tsaye, ka ɗauka, ka matsa gefe taku biyu, ka sake ɗauka, ba tare da ka canza tsayin wayar ko tazararka da bangon ba. Kowane hoto ya maimaita aƙalla rabin wanda ya gabace shi. Kafin ka fara ka kulle haske da saitin gani, in ba haka ba wayar za ta yi ta sauya su tsakanin inuwa da rana, bangon ya fito dabbare-dabbare.

A Balad akwai wahalar da ba kowane gari ke da ita ba, wato rawashin, tagogin katakon nan da suke fitowa waje daga jikin bango. Idan kana hagu da taga gefenta ɗaya kake gani, da ka wuce ta sai ɗaya gefen ya bayyana, don haka manhajar da ke ɗinki da kanta takan rikice ta karya katakon. Maganin shi ne ka tabbatar kowace taga tana da hoto guda wanda ta zauna a tsakiyarsa, sannan ka sa ɗinkin ya faɗa kan shafaffen bango tsakanin taga da taga. Manhajar Hugin kyauta ce kuma tana karɓar hotunan da aka ɗauka ana matsawa, sai dai zaɓen wurin ɗinki aikin hannunka ne a kwamfuta. Aikin yana cin lokaci, amma gidajen nan na dutsen murjani, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014, sun cancanci a ajiye surarsu a miƙe yadda magina suka tsayar da su.

Idan juyawar kake so, to ka juya wayar a kan idon kyamararta, kada ka juya jikinka da hannu a miƙe. Ɗaga yatsa gabanka, ka rufe ido ɗaya sannan ɗayan, za ka ga yatsan ya yi tsalle a kan abin da ke bayansa. Irin wannan tsallen ne yake raba fitilar titi biyu idan idon kyamara ya gusa daga wurinsa. A lungu mai ƙunci gwada fanorama a tsaye: fara daga ƙasan gidan da ke gabanka, ka hau sama ta kan sararin samaniya, ka sauko kan gidan da ke bayanka. A nan lanƙwasar ta zama ado, domin gidajen biyu za su rungumi siririn sama a tsakaninsu. A fili kamar na gaban Baitu Nasif, shahararren tsohon gidan nan na Balad, kuwa, idan ka ɗauki kewayen duka, digiri 360 a kwance da 180 a tsaye, manhaja za ta iya naɗe shi ya zama ƙwallo, gine-gine na tsirowa daga jikinsa.

Akwai kuma masu barin ɗinkin a fili da gangan. David Hockney, mai zane ɗan Ingila, ya fara haka a 1982 da hotunan Polaroid, kyamarar da ke fitar da hoto a takarda nan take: yakan ɗauki wuri guda gutsure-gutsure daga kusurwoyi dabam-dabam, ya jera su ba tare da ɓoye gaɓoɓin ba. A ganina wannan ya fi dacewa da Kasuwar Alawi ta cikin Balad fiye da hoto mai santsi, domin wanda ya shiga kasuwa ba ya ganinta da kallo ɗaya. Idonsa kan buhun kayan ƙamshi yake sauka, ya koma kan taga, ya dawo kan kwandon dabino. Haka nan za ka iya mai da jinkirin wayar abin aiki. Abokinka ya tsaya a farkon hoto, da ka wuce shi ya zagaya ta bayanka ya tsaya a ƙarshe, sai ya fito sau biyu. Ko kuwa ka riƙe wayar cak a tagar mota, wani na tuƙi a hankali a titin bakin teku: abin da ke kusa zai matse, na nesa ya miƙe, in dai wayar ta yarda ta ci gaba da ɗauka, domin wasu kan tsaya idan ba su ji ana juya su ba.

Game da masu wucewa, ka fita da sanyin safiya bayan gari ya waye, kafin a buɗe shaguna, lokacin lungu ba kowa kuma haske bai yi kaifi ba. Idan dole mutane su shiga hoton ka nemi izininsu tukuna, musamman mata, domin dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1, ko tarar da za ta iya kai Riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya, kuma fanorama tana kwaso fuskokin da ba ka lura da su ba sai bayan ka buɗe hoton a gida.