In Sayi Jerin Littattafan Gaba Ɗaya, Ko In Dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne a Jidda, kuma yawan zaman jira a mota ne ya mayar da ni makaranci. Wani abokina ya karanta ɗaya daga cikin littattafan Jack Reacher na Lee Child, ya ce tun daga shafin farko ake ba-ta-kashi da farautar masu laifi har ƙarshe, sai dai ya yi ƙorafin cewa tauraron ba ya taɓa shan kaye. Na ga ana sayar da su da yawa a haɗe. In saya duka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce ka sayi guda ɗaya tukuna, domin jerin ya haura littattafai 25 tun fitowar na farko a 1997, kuma riyalan da za ka zuba a kansu ba kaɗan ba ne ga mai aika wa gida kuɗi duk wata.

Ƙorafin abokinka gaskiya ne, amma haka aka gina labarin da gangan. Reacher tsohon manjo ne a rundunar 'yan sandan sojan Amurka, wanda yake yawo gari-gari ba gida ba jaka, sai buroshin haƙori a aljihu. Ya sauka a wani gari, ya tarar da zalunci, ya murƙushe azzalumai, ya kama hanya. Wanda yake son ya ga yadda za a warware ƙulli zai ji daɗi, amma wanda yake son tauraro ya wahala, ya yi nadama, halinsa ya sauya, zai gaji tun kafin littafi na uku. Ka tambayi kanka cikin biyun nan wane ne kai, domin ɗanɗanon abokinka ba lalle ya zama naka ba.

Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne, ba kamar littattafanmu na Kano ba ne, waɗanda ake yanke labari ana tsakiyar daɗi a ce mu haɗu a kashi na biyu. A nan kowane littafi yana ƙare labarinsa, saboda haka guda ɗaya ya ishe ka gwaji. Ni dai zan fara da na farkon ne, kasancewar daga 2020 Andrew, ƙanin Lee Child, ya shigo cikin rubutun, kuma akwai masu karatu da ke ganin salon ya ɗan sauya.

Kafin ka biya, ka shiga Jarir ko wani kantin littattafai, ka karanta shafi biyu a tsaye don ka auna Turancin. Jimlolinsa gajeru ne, sai dai akwai kalmomin soja da na bindigogi da yawa. Idan ya karɓe ka, ka nemi sauran wajen masu sayar da na hannu, ko ka jira bajekolin littattafai na Jidda.